Land Rover tana ƙara "ƙwal" in an sa giya: a ɗaure kuros ko a canza shi?

Tambaya: Na gaji Land Rover 109 Series III ƙirar 1978 daga mahaifina. Kwanan nan duk sanda na sa giya na saki kuloci, musamman ribas, sai in ji "ƙwal" daga ƙarƙashin mota. In na kai gudun kilomita 60 zuwa 70 kuma sai kujera ta kama rawa. Wani bakanike ya ce kuros ɗin farfela ne ya yi sako-sako, zai ɗaure shi. Wani kuma ya ce a ɗan taɓa shi da walda. Wanne zan bi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ikon riƙe abin da ya bari. Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Kuros, wato mahaɗin da ke kowane ƙarshen farfela, dogon bututun nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ba shi da wurin ɗauri. Babu noti a cikinsa, babu wani abin juyawa da zai matse shi. In ya yi wasa, ƙarfe ne ya cinye, kuma ƙarfen da ya cinye canza shi ake yi. Walda kuwa ta fi muni, domin zafinta yana ƙona giris da robar da ke tsare shi, ya sassauta taurin ƙarfen, ya bar ka da farfelar da ba za a iya sake mata kuros ba har abada. Sai dai kafin ka sayi komai, ka tabbatar kuros ɗin ne. A Land Rover akwai wurare huɗu ko biyar da ke yin irin wannan ƙara, kuma hannunka ne zai bambance maka su, kunne kaɗai ba zai iya ba.

Ka fara da sanin abin da ke ciki. Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu. Kowane hannu yana shiga wani ɗan kofi, a cikin kofin kuma an jera siraran allurai na ƙarfe a tsaye, zagaye da hannun, su ne boris ɗinsa. A bakin kofin akwai roba mai riƙe giris ta hana ƙura shiga, a bayansa kuma kilif ne ke zaune a cikin tsagi yana hana shi fita. Hannu biyu suna cikin gwafar da ke jikin bututun farfela, sauran biyun suna cikin gwafar da ke jikin filanji, wato faifan nan mai rami huɗu da ake ɗaurewa a giyabos ko a aksul. Motarka tana da farfela biyu, ta gaba da ta baya, kowace da kuros biyu, huɗu ke nan. Kowace farfela kuma tana da wuyan da ke zamewa a kan haƙora, don ta riƙa miƙewa tana taƙurewa yayin da sifirin ke hawa da sauka.

Alamomin da ka faɗa sun yi kama da na kuros, ba musu. Ƙarar "ƙwal" tana zuwa ne a daidai lokacin da ƙarfin inji ya sauya fuska, wato daga tsaye zuwa tafiya, daga gaba zuwa ribas, ko in ka ɗaga ƙafa daga totur ka sake takawa. Giɓin da ke tsakanin hannun kuros da kofinsa ne ke rufewa da ƙarfi. Rawar kuwa akwai hanyar gane tushenta. Aksul ɗin Series yana da rabon 4.7, ma'ana farfela tana juyawa sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da taya 7.50 x 16, a gudun kilomita 80 tayar tana yin wajen zagaye 9 a daƙiƙa, farfela kuwa sama da 40, kusan 2,500 a minti. Shi ya sa rawar taya take da nauyi, a hankali, kana jin ta a sitiyari ko kana ganin bodi na girgiza, ita kuwa rawar farfela siririya ce mai sauri, kamar kukan zuma a ƙarƙashin kujera, har madubi yana dishi-dishi. Sannan rawar kuros takan sauya in ka taka totur ko ka saki, ta taya kuwa ba ruwanta da totur, gudu kaɗai take bi. Akwai alama ta uku da mutane ba su cika lura da ita ba: in kana tafiya a hankali kusa da katanga, gilashi a sauke, za ka ji "ƙi-ƙi-ƙi" mai bin juyin farfela. Wannan kukan kofin da ya bushe ne, kuma yakan riga "ƙwal" zuwa da makonni.

Yanzu maganar shiga ƙarƙashin mota, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Birkin hannu na Land Rover ba tayoyi yake kamawa ba. Gangarsa tana bayan giyabos, farfelar baya yake riƙewa. Don haka in ka kwance farfelar baya, babu abin da ke riƙe da motar, ko da ka ja birkin hannu har ƙarshe. Motar tana iya gangarowa ta taka wanda ke ƙarƙashinta. Ka tsaya a wuri mai lebur, ka sa manyan duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyi aƙalla biyu, sannan ka shiga. 109 tana da tsayin da mutum zai kwanta ƙarƙashinta ba tare da jak ba. In har ka ɗaga ta, ka ɗora shasin a kan abin da ba ya motsi, kada ka yarda da jak shi kaɗai.

Bayan ka tokare tayoyin, ka sa giya a firi ka saki birkin hannu. In giya na ciki ko birki na jaye, farfela tana cikin matsi, wasan yakan ɓuya, ka fito ka ce lafiya lau. Kafin ma ka taɓa, haska fitila a kan kowane kofi. In ka ga wani jan gari mai laushi ya zagaye bakin robar, ya ɓata gwafar, to alluran ciki ne suka bushe suka niƙe suka zama tsatsa. Wannan kuros ya gama aiki ko da bai nuna wasa ba. Ka duba kilif huɗun suna nan, ka duba ko bayan wani kofi yana ƙyalli, alamar yana juyawa a cikin raminsa. Sannan ka kama filanji da hannu ɗaya, bututun farfela da ɗaya, ka murɗa su suna saɓa wa juna, gaba da baya. Idonka a kan kuros. Gwafa biyun su tafi tare tamkar ƙarfe ɗaya. In ɗaya ta motsa kafin ɗayar, ko da kaurin farce ne, ya lalace. Daga nan ka tura farfelar sama da ƙasa, hagu da dama. Ka ƙarasa da zura babban sukudireba tsakanin kuros da gwafa ka ɗan banƙara a hankali. Ka yi wa huɗun duka haka, har da na gaba, domin in motarka ba ta da makullin hob a tayoyin gaba, wato abin da ke raba tayar da juyin aksul, farfelar gaba tana juyawa kullum ko da ba a sa ta aiki ba.

In kuros ya tsaya ƙyam amma kana jin wasa, bi shi ka ga inda yake. Notuna huɗun da ke ɗaure filanji sukan saki, kuma wannan wuri ne da maganar "a ɗaure" take da gaskiya. In wuyan nan mai zamewa ne yake karkata gefe da gefe, haƙoransa sun cinye, sabon kuros ba zai hana rawa ba, farfelar ce ake sakewa. In filanjin kansa ne yake motsi sama da ƙasa a bakin aksul, ko dai babban notin tsakiyarsa ya saki ko boris ɗin ciki ya tafi, galibi za ka ga mai yana zuba a wurin. Na bayan giyabos yana da wata alama da ke tona shi: a Series, matsin wannan babban notin ne ke riƙe haƙorin da ke juya wayar maleji, don haka in allurar malejinka tana rawa ko tana faɗuwa in ka taka totur, duba notin nan kafin ka zargi wayar. In kuwa duk farfelar ce take juyawa da yawa kafin taya ta amsa, wasan yana cikin aksul, a haƙoran tsakiya ko a haƙoran sandar da ke kai ƙarfi ga taya. Ɗan wasa a nan dole ne, tsohuwar Land Rover ba ta rabuwa da shi, mai yawa ne ke kawo ƙara. Kada ka manta da robobin da giyabos ke zaune a kai da kusoshin da suka rungume aksul da sifirin, su ma suna yin "ƙwal" in sun saki.

Akwai kuma kuros da ke lalacewa ta hanyar ƙagewa. Tsatsa ta cika kofin, ya daskare, ba wasa ko kaɗan, amma yana kawo rawa. Ba ka gane shi sai ka sauke farfela ka lanƙwasa filanjin da hannu ta fuskoki biyu. Mai lafiya yana tafiya sumul da ɗan nauyi. Mara lafiya yana cijewa, ko ka ji yana tafiya ɗaki-ɗaki. In ka dawo daga tafiya ka kusantar da bayan hannunka ga kofunan, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne. Kuma Land Rover ta ba ka wata dabara da masu motar da ba ta jan tayoyi huɗu ba su da ita: in ka rasa wace farfela ce ke rawa, cire ta baya, danna sanda mai rawayan kai ƙasa don ƙarfi ya tafi gaba, ka ɗan zaga a hankali a hanya mai lebur. In rawar ta ɓace, ka san mai laifi. Kada ka yi nisa, kada ka ɗauki kaya, kuma kada ka dogara da birkin hannu in ka tsaya.

Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Kuros ɗin da ya kai ga rawa ya kusa watsewa. In na farfelar baya da ke kusa da giyabos ya tsinke ana cikin gudu, kan farfelar yakan faɗo ya soki ƙasa, ko ya riƙa dukan shasi da bututun birki har ya fasa gidan giya. Kuɗin kuros bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ɓarnar ba.

Wajen saye, cire tsohon ka tafi da shi, ko aƙalla ka auna. Farfelolin Series suna zuwa da girma biyu: kofin duka milimita 27 ne, amma faɗin kuros daga bayan kofi zuwa bayan kofi akwai mai kusan 75 akwai mai kusan 82. Motar da ta shekara sama da arba'in ba a sanin wace farfela aka taɓa sa mata, har ta gaba da ta baya suna iya bambanta, saboda haka shekarar ƙira ba hujja ba ce. Za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo in Legas ta fi maka kusa. Sunayen da aka sani da nagarta su ne Hardy Spicer da GKN da GMB, amma kwali ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Zare kofi ɗaya a gaban mai shago. Alluran su cika zagayen ba giɓi, hannun kuros ya zama sumul kamar an goge, robar ta yi laushi, kofin ya shiga ba ya lilo. Ɗauki mai ramin giris. Ni a ganina, in ɗaya ya mutu a farfela, ka sake biyun, tunda tare suka sha wahala kuma aikin saukewa ɗaya ne. Ka haɗa da sababbin notuna masu roba a ciki. Kusoshin 3/8 UNF ne, wato awon inci mai ƙananan haƙora, sifanarsu 9/16 ta inci. Lamba 14 takan ƙi shiga, lamba 15 kuma tana cinye kusurwar noti, wurin ga matsi, in ya cinye ka shiga uku.

Kafin ka kwance komai, yi alama da fenti ko ɗan sara: filanji da abokin zamansa a kowane gefe, da kuma ɓangarori biyu na wuyan mai zamewa. Wannan alamar ta wuya tana da dalili babba. Kuros guda ɗaya, in yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai. A kowane zagaye yana ƙara sauri sau biyu yana ragewa sau biyu, a karkata ta digiri 10 bambancin ya kai wajen kashi 1.5 cikin ɗari sama da ƙasa. Kuros na biyu shi ke goge wannan, amma da sharaɗin gwafa biyun da ke jikin farfela suna kan layi ɗaya. In aka zare wuyan aka mayar da shi da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, mota za ta yi rawa da sababbin kuros, a yi ta zargin kaya alhali haɗi ne. A farfelar Series akan sami kibiya biyu da aka buga a jiki, goge datti ka neme su ka sa su fuskanci juna. Za ka iya ganin farfelar gaba ta Range Rover ko Defender da gwafarta a saɓe, can da gangan kamfanin ya yi, ba tsarin motarka ba ne.

Cirewa ba wuya in ka bi a hankali. Wanke gwafar da kananzir, cire kan giris, ka ɗan buga bayan kofin ciki kaɗan don kilif ya saki, sannan ka zare shi da filayar kilif. In kana da bayis, wato abin matse ƙarfe da ake kafawa a kan tebur, sa ƙaramar soket a bayan kofi ɗaya, babba a ɗaya gefen yadda kofin zai faɗa cikinta, ka matse. Kofin zai leƙo, ka kama shi ka murɗo shi waje, ka juya ka turo ɗayan. In ba bayis, tokare gwafar a kan babbar soket ka buga da guduma ta kan wani guntun ƙarfe. Abin da ba a yi shi ne matse bututun farfela a bayis ko dukansa. Bututun siriri ne, kuma an daidaita nauyinsa tun daga masana'anta da 'yan faci na ƙarfe da za ka gani a manne kusa da ƙarshensa. Lotsawa kaɗan ta isa ta ɓata wannan. In ka ga gurbin faci babu facin, shi ma dalilin rawa ne.

Dubi hannun tsohon kuros ɗin da ka cire. In ka ga layuka a jere, sawun allurai da suka nutse cikin ƙarfe, ka ga shaidar ciwon da idonka. Sannan ka duba ramukan gwafa. Kankare tsatsa, share tsagin kilif da bakin sukudireba har ya fito fes. Gwada sabon kofi a bakin ramin. Ya kamata ya ƙi shiga sai da matsi. In ya zurma da ɗan yatsa, ramin ya buɗe, kuma nan ne ake kawo maganar walda ko a sassara bakin ramin da kurfi. Duk ba sa ɗorewa, domin kofin ba zai zauna a tsakiya ba. Filanji ana samunsa shi kaɗai. In gwafar jikin bututu ce, nemi wata farfelar.

Haɗawa ita ce inda aka fi kashe sabon kuros tun bai fara aiki ba. Zare kofuna huɗun a kan tsumma mai tsabta, ba a kan ƙasar gareji ba. Shafa giris da ɗan yatsa a cikin kowanne, yadda alluran za su manne da bango. Sa kuros a cikin gwafa, ramin giris yana kallon bututun farfela, ba filanji ba, in ba haka ba bakin famfon giris ba zai same shi ba bayan an ɗaura. Fara tura kofi ɗaya kaɗan, ka zura hannun kuros a cikinsa don ya tsare alluran, ka matse har ya wuce tsagi, ka sa kilif. Sa kofi na biyu, ka ɗan jawo kuros tsakiya yadda hannuwa biyu duk suna cikin kofunansu, ka matse a hankali kana motsa kuros ɗin kana jin yana yawo. In kofi na biyu ya tsaya saura kaɗan tsagin kilif ya bayyana, ya ƙi gaba, dakata nan. Allura ɗaya ce ta kwanta a gindin kofin. Wanda ya ƙara ƙarfi a nan zai karya allurar ko ya fasa gindin kofin, kuros ɗin kuma ba zai yi wata guda ba. Fito da shi, tayar da allurar, sake farawa. Shi ya sa na fi son bayis a kan guduma a wannan mataki, bugu ne ke kayar da allura. Bayan kilif huɗu sun zauna, ka tabbatar kowanne ya shige tsaginsa zagaye, za ka ji kuros ya ɗan yi tauri. Ɗan buga kafaɗun gwafar da guduma sau ɗaya ko biyu, kofunan za su koma su jingina da kilif, ya saki.

Mayar da farfela bisa alamominka, fuskokin filanji a goge ba ƙasa ba tsatsa, ka ɗaure notunan a gicciye, wajen Nm 45, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, in kana da sifana mai awo. Sannan giris, irin na lithium mai lamba 2. Ka yi ta bugawa har sabon giris ya ɓullo ta robobi huɗun. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan a bushe yake, ka ɗan banƙara kuros ɗin zuwa ɗaya gefen ka sake bugawa har ya fito. Wuyan mai zamewa kuwa bugu uku ko huɗu ya isa, in ka cika shi ba zai iya taƙurewa ba, sai ya riƙa tura boris ɗin giyabos da na aksul.

A yanayinmu ƙurar hunturu da ruwan damina su ne ke cin kuros. Ka riƙa ba shi giris duk sanda ka juye baƙin mai, da kuma duk ranar da ka ratsa rafi ko aka wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi. In sabon kuros mai kyau ya sake mutuwa cikin 'yan watanni duk da giris, duba karkatar farfelar. Sifirin da aka ƙara wa ganye don ɗaukar kaya, ko aka tsawaita maratayarsa, ko robar giyabos da ta zauna, duk suna sa kuros aiki a kusurwar da ta fi ƙarfinsa. Bayan tafiyar farko ta kilomita 50 ko makamancin haka, tokare tayoyi ka sake shiga, ka bi notuna takwas na farfelar da sifana, ka taɓa kofunan ka ji ko akwai mai zafi.